Masarar Hansai

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar makarantar firamaren unguwarmu a Ƙarfi da hantsi ya san Inna Hansai, ko bai san sunanta ba ya san awararta. Shekara goma sha huɗu ke nan tana zama a gindin darbejiya da kaskonta da robar yajinta. Ni malama ce a makarantar, gidanmu kuma katanga ɗaya ce ta raba shi da nata. Labarin da zan bayar shi ne yadda gonar ubanta ta fita daga hannunsu, alhali abin da zai hana ta fita yana nan a ajiye, nata ne, da guminta ta tara shi.

Su biyu mahaifinsu Malam Ummaru ya bari, ita da ƙanenta Mati. Uwarsu ta rasu Mati yana rarrafe, don haka a bayan Hansai ya girma. Ta yi aure a Maska, ta haifi mata uku ta aurar, mijin ya rasu, ta tattara komatsanta ta dawo gida. Abin da uban nasu ya bari gona ce guda ɗaya a bakin rafi, jar ƙasa mai riƙe ruwa, irin wadda ko an yi fari ba ta ba mutum kunya gaba ɗaya. Ba su taɓa raba ta ba. Mati ke nomawa, in kaka ta yi ya aiko wa yayarsa buhu guda da kwandon gyaɗa, ita kuwa ba ta taɓa tambayar nawa aka samu ba. Ta kan ce muddin gonar nan tana hannunsu, babansu bai gama mutuwa ba.

Mace ce mai tsantseni da tsumulmula, kuma ba zagi nake yi ba. Dusar waken suya ba ta zubarwa, awaki take ba. Man da ya rage a kasko sai ta tace shi da tsumma ta mayar kwalba. Ba ta cin bashi, ba ta kuma son jin labarinsa. Da tsadar rayuwa ta sauko mana, kowa ya kama inda zai kama. Mu malamai adashi muka yi, uwar adashin ta kwashi zubi biyu ta ce za ta gaida mara lafiya a Zariya, har yau mara lafiyan bai warke ba. Matan unguwa suka shiga bashin ƙungiya, wanda masu littafi ke zuwa karɓa duk Talata, har ya zama ranar Talata in ka yi sallama gidan mutum sai ka ji tsit, matar gida tana banɗaki a ɓoye. Wani abokin aikinmu ya ci bashin waya na dubu goma sha biyar, da ya yi jinkirin kwana huɗu suka tura hotonsa ga duk lambar da ke wayarsa, har da surukarsa, an rubuta ɓarawo a ƙasa. Duk lokacin da aka kawo wa Hansai irin wannan labari sai ta ja tsaki ta juya awararta.

Ita ma dai ta taɓa ƙonewa, amma ta wajen ajiya. Lokacin canjin kuɗi, abin da ta tara a gwangwanin madara na shekara biyu sai da ta ba wani ya kai mata banki a Malumfashi, ya dawo mata da shi an gutsure. Abin da ya saura kuma kafin ta farga ba ya sayen rabin abin da yake saye. Daga nan ta rantse ba ta ƙara ajiye takarda. Ta koma tara masara. Da kaka, in ta tashi daga awara, sai ta sayi tiya biyu, tiya uku, ta zuba a buhu, in ya cika ta ɗinke. Burinta injin markaɗe, don ta gaji da kai wake layi tana biya kullum. A kakar da nake magana, da ta haɗa da kuɗin akuyoyi biyu da ta sayar, sai da ta cika buhu tara.

Buhu tara ba ya ɓoyuwa a ɗakin gwauruwa, ga ɓera, ga idon mutane. Shi ya sa ta kai wa Alhaji Zubair. Alhaji Zubair yana da sito mai ƙofa uku a bakin titi, kuma ya yi suna da karɓar ajiyar hatsi kyauta. Ba ya karɓar ko sisi, har maganin ƙwari shi ke sawa. Mutum ne mai sanyin murya, ba ka taɓa jin ya ɗaga harshe, kullum carbi na hannu, kullum yana sahun farko. Kalmar bashi ba ta fita daga bakinsa, taimako yake cewa. Ni da bakina na sha yabonsa a ofishin malamai, na ce da masu kuɗinmu irinsa ne da talaka ya huta. In na tuna haka sai in ji kamar in wanke bakina da toka.

Da yake Hansai ba ta karatun boko, ni ta sa na rubuta mata lissafin a bayan wani tsohon littafina. Ta kuma roƙe ni da girman Allah kada in faɗa wa kowa, ko mijina, balle gidan Mati. Ba ƙin su take yi ba. A wurinmu in aka san kana da buhu tara, kafin Sallah ba ka da ko ɗaya: wannan suna, wancan biki, wancan asibiti, kuma ba wanda za ka iya kallon idonsa ka ce babu. Alhaji ma ya ƙara mata da cewa ta yi shiru, rufin asiri ya fi komai. Na yi mata alkawari, na kuma cika, ina ganin kaina mai amana.

Shi Mati mutum ne shiru-shiru, mai 'ya'ya bakwai da mata ɗaya, Uwa. Daminar da ta biyo baya ta zo masa a karkace. Takin zamani ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, rumbunsa kuma tun kafin masara ta yi bunni ya ga ƙasansa. Kullum ta gaban kaskon yayarsa yake wucewa in zai tafi gona. Ta ƙulle masa awara ta ce a kai wa yara, ta tambaye shi ya gida, ya ce lafiya lau, Yaya. Ba ƙarya yake son yi ba. A ganinsa abin kunya ne namiji da gemunsa ya buɗe baki ya ce wa gwauruwar da ta goya shi, mai suyar awarar naira hamsin-hamsin, gidansa babu tuwo. Me ma take da shi da za ta ba shi? Haka ya lissafa, ya wuce wajen Alhaji Zubair.

Abin da ake kira ba-da-kaka ya karɓa: a ba ka yanzu, ka biya in an yi girbi. Masara buhu huɗu ta ci, zai mayar da takwas. Taki buhu biyar, zai biya da masara goma. Buhu goma sha takwas ke nan. In ka ce wa Alhaji wannan riba ce sai ya yi a'uziyya, ya ce shi ciniki ya yi, ya sayar da tsada ya saya da araha, kuma ba wanda aka ɗaure aka kawo. Aka rubuta takarda, aka ambaci gonar bakin rafi a matsayin jingina in an kasa, Mati ya dangwala. Shaidan da ya sa hannu kuwa mijina ne, Murtala, abokin Mati tun suna yara. Shi ma an roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, musamman kada Yaya Hansai ta ji. Shi ma ya cika alkawari. Wata uku muna cin tuwo a kwano ɗaya, ni ina riƙe da rabin magana, shi yana riƙe da rabi, kowa yana jin kansa mutumin kirki.

Cikin watan Agusta buhun masara ya kai dubu tamanin. Hansai ta lissafa da yatsunta ta ga injinta ya fito har da canji. Ta saka hijabinta ta je ta ce a fito mata da kayanta za ta sayar. Alhaji ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, ya ce da shi ne ita da ya ƙara haƙuri, farashin bai gama tashi ba, dubu ɗari yake hange. Ta dawo tana sa masa albarka. Bayan mako biyu ta koma, ya sake lallaɓa ta. Ba wani farashi da yake hange. Buhunan nata ne ba sa cikin siton, tuni ya rarraba su ga masu ba-da-kaka. Abin da ajiyar kyautar take nufi ke nan, kuma duk garin ba wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa.

Yadda ta gane ba wani bincike ba ne. Farkon Satumba zazzaɓi ya kwantar da Uwa, Hansai ta dama kunu ta kai mata da rana. Da za ta tafi Uwa ta ce don Allah ta ɗebo mata masara a ƙuryar ɗaki ta jiƙa, ita ba ta iya tashi. Hansai ta sunkuya kan buhun, sai hannunta ya tsaya. Ita ba ta ɗinke buhu da igiyar leda kamar kowa. Tsohon zanenta shuɗi take yagewa siri-siri ta ɗinke da shi, ta yi ƙulli uku a kunnen dama. Ga shuɗin zanen, ga ƙulli uku. Ta fito tsakar gida, ta ga buhuna uku da aka farke an shanya kuɓewa a kai, kowanne da guntun zanenta yana lilo. Ta tambayi Uwa daga ina, Uwa ta faɗa mata komai, don ita a zatonta Yaya ta riga ta sani.

Ina gyaran littattafan yara ta shigo gidanmu ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin turmi.

"Malama, duba littafin nan naki. Buhu nawa gare ni?"

Na ce tara.

"To huɗu na gidan Mati. Ɗiyan ƙanena tawa suke ci, ana ninka masu."

Da Murtala ya dawo na tare shi da maganar, sai ya sunkuyar da kai, nan na gane ya sani. Na hau shi da faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni tun yaushe na san da buhu tara. Da ɗayanmu ya yi suɓutar baki sau ɗaya a kan tuwo, da Hansai ta ba ƙanenta buhu huɗu ya ci, ta sayar da biyar ta saya masa taki, da ba takarda ba jingina. Mu kuwa muna ta riƙon amana.

Washegari na raka ta sito. Na ɗauka Alhaji zai rikice, ko ya musa, ko ya nemi a rufa masa asiri. Ko gezau. Ya saurare ta har ta dasa aya yana jan carbi, sannan ya ce buhunanta tara suna nan a wuyansa, ko ɓera ya ci ko gobara ta tashi shi zai biya, masara kuwa duk masara ce. Hansai ta ce to ta ji, amma tunda tata aka ba Mati, ita ba ta ce a ninka masa ba, a soke huɗun da aka ɗora.

Ya ce, "Inna, ajiya kika ba ni, ba jari ba. Da asara aka yi ba za ki ɗauka ba, to mi zai sa ki shiga riba?"

Ta ce ya san ƙanenta ne, ya san tana da shi, me ya hana shi ya ce wa Mati ya je ya ga yayarsa?

"Ke kin ce kada in faɗa. Shi ma ya ce kada in faɗa. Amanarku na riƙe ku duka biyu."

Ban taɓa jin ƙyamar mutum ba irin ta ranar. Abin da ya fi ci mini rai, maganar da ya faɗa ita ce wadda ni da mijina muka faɗa wa juna jiya-jiya.

Ta ce to a ba ta kayanta yau, ta sayar tun da sauran farashi. Ya ce motarsa tana hanya. Gobe aka ce direba ya yi rashin lafiya, jibi aka ce taya ta fashe a hanyar Funtuwa. Mako uku ana yi mata haka, tana rufe kaskonta tana zuwa tana zama a kan benci kamar mai roƙo. Ranar da motar ta iso, sabuwar masara ta riga ta cika kasuwa, buhu ya faɗo dubu arba'in. Ya auna mata tara cif, sabuwa, ko gama bushewa ba ta yi ba, ya ce ta ƙirga da kyau don shi ba ya son hakkin kowa.

Duk wannan abin, Hansai da Mati ba su yi maganar da juna ba. Shi ya daina bi ta gaban makaranta, ya koma zagayawa ta bayan maƙabarta. Ita kuma ba ta aika a kira shi ba, wai kada ta ƙara masa kunya. Gonar ba ta yi abin kirki ba, tsutsa ta shiga masarar, buhu goma sha ɗaya ya samu. Ta hannun Murtala ta aika masa cewa a haɗa da nata tara. Ashirin ke nan, ana bin goma sha takwas. Ta haƙura da inji. Ranar da ta yanke wannan shawara har dariya ta yi, ta ce mini markaɗe dai ba ya kashe mutum, gona ta tsira.

Aka taru a ƙofar sito da safe, ga mai unguwa, ga buhu ashirin an jera. Alhaji ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya yaba, sannan ya ce shi bana ba masara yake buƙata ba, siton ya cika, kuɗi zai karɓa. Ya zaro takardar daga wani akwati. Hansai ta ce a ba Malama ta karanta da ƙarfi. Na karanta. A layi na biyu daga ƙarshe an rubuta cewa za a biya da masara ko da kuɗinta a farashin da ta kai da damina, duk wanda mai kaya ya zaɓa. Na ɗaga kai na dubi Murtala. Ya rantse mini daga baya cewa bai lura da layin ba, ya sa hannu ne kawai don ya ga Mati a matse, kuma wa zai tsaya karanta takardar Alhaji a gaban Alhaji.

Sai aka buga lissafi. Goma sha takwas a dubu tamanin-tamanin, miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da arba'in. Ashirin ɗinsu a dubu arba'in-arba'in, dubu ɗari takwas. Ya karɓe ashirin ɗin duka, ciki har da taran da ya auna mata da hannunsa, aka ce saura dubu ɗari shida da arba'in. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce a yi haƙuri, abin da aka rubuta an rubuta. Shi ma ina jin akwai takardarsa a cikin wannan akwatin. Mutanen da suka taru kowa ya kama kallon ƙasa, don rabinsu da damina nan za su dawo.

Saura jingina. Alhaji ya ce zai riƙe gonar yana nomawa har ranar da Allah ya hore wa Mati ya fansa. Kowa a wurin ya san ba gonar da ta taɓa shiga hannunsa ta dawo, kuma manomin da aka karɓe wa gona da me zai tara kuɗin fansa? Nan ne Hansai ta miƙe. Ta ce kashi ɗaya cikin uku na gonar nan gadonta ne, ita ba ta dangwala wa kowa ba, ba kuma za ta dangwala ba. Alhaji ya yi murmushi ya ce gaskiyarta, shari'a ta ba ta, Allah ya tsare shi da cin haram. Sai da na fita bayan sito na tofar da yawu.

Aka bar rabon sai da ruwan farko ya sauka. Da hantsi aka je da igiya da turaku, ni ma na bi Hansai don kada ta tsaya ita kaɗai. Tun kafin a fara awo tiraktar Alhaji tana bakin gona, direban ya bar ta a kunne. Aka ja igiya daga kan hanya zuwa rafi, aka kafa turaku, gonar da ba ta taɓa sanin iyaka a cikinta ba ta zama biyu. Ɓangaren Hansai ɗan siriri ne, ko ya yi kyau ba zai ciyar da gida mai mutum tara ba. Ta ce wa mai unguwa a shaida, Mati ne zai noma shi.

Mati yana tsaye can gefe tunda aka fara, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Da masu awo suka naɗe igiyarsu sai ya tako a hankali ya zo ya durƙusa a gabanta. Wata bakwai ke nan rabon da su haɗa ido. Ya ɗan yi wasa da ƙasa da yatsa, sannan ya ce:

"Yaya, da na san kina da masara."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ni kau da na san kana da yunwa, Mati."

Sai direban tirakta ya leƙo da kai, cikin ladabi, ya ce don Allah Inna su ɗan matsa can, nan inda suke ɓangaren Alhaji ne, zai fara huɗa. Ta kama hannun ƙanenta ta tashe shi, suka tsallaka turakun.